Bazarar da Gudale Ta Ci Ƙashi

Tun ina da cikin fari ba naƙuda nake tsoro ba, nonona nake tsoro. A gidanmu na Kalmalo kowa ya san matan ɗakinmu ruwan nononsu ba ya nisa. Mahaifiyata takan fara da kyau, goyo ya yi ɓul-ɓul, da zafi ya shigo sai abin ya ɗauke kamar rijiyar da aka gina a kan tudu. Mu da muka rayu ba mu kai yawan waɗanda aka kai bayan gari ba, kuma duk da bazara aka kai su. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Amma in ina wanka nakan dubi ƙirjina in ce a raina, ko ni ma haka ne?

Zafin bana ne ya tono mini wannan zance. Hadari ya haɗu a gabas ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, bango da kansa huci yake. Jiya na shiga maƙwabta na tarar da wata yarinya tana dama wa ɗanta madarar gwangwani, cokali yana buga kofi, tana yi tana hira tana dariya. Na zauna ina kallon hannunta har ta tsargu.

Shekarar da nake faɗi ba a daɗe da samun mulkin kai ba, tutocin da aka raba wa 'yan makaranta ma ba su gama koɗewa ba. Damina ta ɗauke da wuri. Gero ya yi dama-dama, amma wake bai yi ganye ba, harawar da muka ɗora a kan rumfa ba ta kai rabin ta kullum ba. Na haihu da kaka, namiji. Inna, wato uwar mijina, ta tsaya a kaina da wankan jego da kunun kanwa safe da yamma. Maigida ɗan kasuwa ne, goro da atamfa yake kaiwa Ƙonni ta ƙetaren iyaka, wani lokaci ya wuce can ciki. Bayan sallar azumi ya ƙetara, ya ce sai kaya sun ƙare zai dawo. Gida ya rage daga ni sai Inna sai jariri, da tumaki uda 'yan kaɗan, da farar saniya mai guntun ƙaho da muke kira Gudale, da ɗan maraƙinta.

Ɗan fari ne, to kun san al'ada. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka Inna tana kusa sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne, har sai ta ce in ɗauka. Ita kuwa mijinta take ce masa. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Wanga miji nau, ci da kwana kaɗai ya iya. Sakina za ka yi ko in sake ka?"

Da sanyi ya wuce, abin da nake tsoro ya zo. Ba a yini ɗaya ya zo ba. Yaro ya kama ya ja, ya saki ya dube ni, ya sake kamawa. Daga baya ya daina dubana, sai kuka. Wata safiya dai na ga Inna ta wanke ƙaramar ƙwarya ta nufi turken Gudale, ta tatso, ta tafasa, ta sirka da ruwa, ta ɗauki ɗan ludayi ta zaunar da shi a cinyarta. Daga ranar nan yaron ya koma hantsar saniya.

Bazara ta kankama. Da asuba Inna ta tatsa, makiyayin unguwa ya zo ya kora shanu. Guga yana daɗewa a rijiya kafin a ji ya taɓa ruwa, abin da ya hau kuma rabinsa laka. Kafin hantsi na gama daka, don in rana ta take tsaka taɓarya ma zafi take. Sai mu shige inuwar rumfa, in jiƙa zane in lulluɓe yaro, kafin in juya ya bushe. Fulanin da ke kawo nono sun yi kudu da dabbobinsu. Tafkin Kalmalo ya ja baya, aka ce ana tafiya da ƙafa inda ake jefa taru. Tumakinmu suka bushe, 'ya'yansu suna bin su suna tunkuri a banza. Gudale kuwa ƙugunta ya fito, haƙarƙarinta ya jeru, madarar da ke cika ƙwarya ta koma rufe gindinta kawai. Kullum da safe idona yana cikin ƙwaryar nan.

Wata la'asar shanu suka dawo. Ina tankaɗe na ji wani sauti daga turke, ƙurus, ƙurus. Ba tuƙa ba ce, na san ƙarar tuƙa. Na leƙa. Gudale ta miƙe wuya, ta lumshe ido, yawu yana zuba, wani farin abu yana juyawa a bakinta. Na kira Inna. Ta kama hancin saniyar ta zura hannu, ta zaro ƙashi, tsohon ƙashin ƙafa wanda rana ta cinye.

Muna tsaye sai ga Kulu maƙwabciyarmu, matar mahauci, ta shigo aron rariya. Ta dubi ƙashin, ta dubi saniyar, ta dafa ƙirji.

"Inna, mi nika gani haka? Saniya da abincin kare?"

"Tsintuwa ta yi ga hanya," in ji Inna.

"Tsintuwa? Makiyayi ya ce kullum sai ta bar garke ta tai juji tana tono. Ni dai tun da uwata tah haihe ni ban ga haka ba. Yau ƙashi. Gobe mi?"

Da ta ce gobe mi, sai ta juya ta dubi inda yaron yake kwance. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan juyawar.

Kafin magariba unguwa ta ɗauka saniyar gidanmu ta zama mayya. Wasu suka ce an yi mata jifa ne, wasu suka ce iska ce ta shige ta a bayan gari. Washegari Inna ta tatsa ta zubar a gindin darni. Ta ce, "Ba ni ba mijina nonon abin da ka cin ƙashi." Aka koma ba shi ruwan koko. Cikinsa ya ƙi karɓa, ya kama zawo. Idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa har ina iya ganin tana bugawa. Kukan ma ya koma kamar na 'yar mage. Ni kuwa ba ni da bakin magana, ɗan fari ne. Sai in tafi bayan ɗaki kamar zan ɗebo itace, in cusa gefen zane a baki.

A lokacin akwai wani baƙo a Illela, garin da nake aure. Aka ce gwamnati ce ta turo shi, daga wata gonar dabbobi mai nisa, yana binciken abincin shanun tatsa da tumaki. Ba ya allura, ba ya ba da magani. Yana yawo a kan keke da gajeren wando da malafa, da ɗan sikeli mai ƙugiya rataye a wuya. Ya yanki busasshiyar ciyawa ya sa a buhu, ya tsinci 'ya'yan gawo, ya auna madara, ya auna dusa. Da farko masu shanu suka riƙa ɓoye su, sun ɗauka ɗan jangali ne. Duk turken da ya tsaya tambayarsa ɗaya ce, me take ci? Sai mutanen gari suka juya ta da bakinmu suka sa masa suna Malam Mi-taka-ci. Ba Bahaushe ba ne. Hausarsa ta koyo ce, tana fita dai, amma a daddafe.

Labarin mayyar saniya ya kai masa a kasuwar dabbobi. Da hantsi muka ji sallama a zaure. Inna ta yafa mayafi ta fita, ni kuma na laɓe a bayan zana da yaron a kafaɗa.

"Sannu da gida, Mama."

"Ni ban haihe ka ba. Mi kaka so?"

Ya roƙa a fito masa da saniyar. Inna ta jawo ta ƙofar gida, ina jin zuciyarta tana so a raba ta da ita ne ko ta wace hanya. Ta ramin zana na ga ya shafa bayanta, ya duba haƙoranta, ya sa ta yi taku yana kallon ƙafafunta. Sannan ya cire malafa ya ce:

"Mama, saniya ba ta da laifi. Kasa ta bushe, ciyawa ba komai a ciki. Jikinta ba karfi. Kashi take nema. Ku samo kashi, ku kona, ku daka, ku sa gishiri, ku ba ta."

Sannan Inna ta ce, a hankali, "Mi kac ce a ba ta?"

"Kashi."

"Kashin wa? Naka ko nau?"

"Na rago, na sa, kowanne. Amma mai tsabta."

"Kashi mai tsabta! Jama'a ku zo ku ji! Wanga shi na ilimin da anka tura ka birni ka koyo? In daka kashi cikin turmina? Tashi ka ba ni wuri tun ban tara maka unguwa ba!"

Kulu tana ƙofarta tana dariya har da riƙe ciki. Mutumin ya tsaya da malafa a hannu, bai san abin da ya yi ba. Ya fara juya kekensa.

Ni kuwa a bayan zana kunnena ya riƙe wani abu. Ya ce kasa, ya ce karfi, ya ce kona. Harshensa ba ya kai wa inda namu ke kaiwa. Ƙashin da aka zaro daga bakin Gudale yana nan inda Inna ta jefar a gindin darni. Matar aure ba ta yi wa baƙon namiji magana, balle a gaban uwar miji. Sai na ɗauko ƙashin na tura shi ta ƙarƙashin zana da ƙafa, ya gangara har gaban tayar keken.

Ya sunkuya ya ɗauka, fuskarsa ta washe. "Yawwa! Wannan! Kashi!"

"Ƙashi," in ji Inna. "Ƙa. Ƙashi."

"Kashi."

"Allah shi kyauta. To ko shi ɗin ne, ai shi muka kuka da shi."

Sai ya tsuguna a ƙasa kamar ɗa a gaban uwa, ya yi bayani da kalmominsa 'yan kaɗan. Ya ce madara ba daga ruwa kaɗai take fitowa ba, akwai wani abu a cikinta irin wanda ke cikin ƙashi. Da damina saniya tana samunsa a ɗanyar ciyawa. Da bazara ciyawa ta zama fanko, sai ta riƙa zarar na jikinta tana zubawa a hantsa, har jikin ya rasa, shi ya sa take bin juji. Ya ce ya ga haka a garuruwa da yawa, har a tumaki masu shayarwa, kuma a gonarsu sun gwada garin ƙashi da gishiri sun ga bambanci. Ya tambayi Inna ko ba ta taɓa ganin mai goyo tana kukan haƙori ko tana cin ƙasa ba. Ni na san amsar, don mahaifiyata takan ɓanɓari bangon ɗaki.

Daga nan ya faɗi abin da ya ƙara tsorata ni. Ya ce ƙashin juji ne abin tsoro. In na mushe ne, akwai dafi a ciki. Dabba sai ƙafafun bayanta su mutu, harshe ya zazzago, ba ta sake tashi. Ya ce ya ga wata a wajen Gidan Katta. A ɗaure Gudale a gida, kada ta sake fita. In ta ci gaba da tashi da kanta kowace safiya, ta tsira.

Yaron ya yi ɗan kukansa a kafaɗata. Mutumin ya ɗago kai wajen zana.

"Akwai jariri? Yana shan madara?"

"Ya bari," in ji Inna.

"Mama, a tafasa sosai a ba shi. Yau."

Da ya tafi Inna ta ce ita maganar mai gajeren wando ba za ta sa ta ɗura wa jikanta abin da ba ta san hukuncinsa ba, sai ta ji daga bakin Malam, mai makarantar allo ta bayan gidanmu. Malam kuwa ya tafi ta'aziyya Darna, ba a san ranar dawowarsa ba.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Da asuba in fita in tsaya nesa da turke, ina jiran in ga ko Gudale za ta tashi. Takan daɗe. Ta turo gindi sama, ta tsaya a kan gwiwa tana nishi, sannan ta miƙe. In koma ɗaki in sa yatsa a hancin yaro. Tsoro biyu nake ɗauke da su, ban san wanda zan fara saukewa ba. Inna kuma kullum ta tatsa ta zubar, ƙasa ta shanye nan take, ƙudaje su taru a wurin.

Wata safiya na ɗaga yaron, kansa ya langaɓe baya. Ya buɗe baki, kuka bai fito ba. Na fito tsakar gida, Inna ta karkata ƙwarya za ta zubar. Ban san lokacin da na kira sunansa ba. Sunan yanka, wanda ban taɓa furtawa ba, wanda ko a nan ba zan rubuta ba. Na ce, "Inna, wane mutuwa zai yi. Ɗana na. Ki ba shi."

Ta tsaya da ƙwaryar a karkace. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Na jira faɗa, na jira ta ce mini marar kunya. Sai ta daidaita ƙwaryar ta ce, "Hura wuta."

Da bakin ludayi muka riƙa ɗiga masa, ɗigo ɗigo, yini guda. Wani ya shiga, wani ya dawo.

Da Malam ya dawo Inna ta je da kanta. Ya ce madarar ba ta haramta ba, tunda an tsare saniyar a gida tana cin abu mai tsarki. Garin ƙashi kuwa, in na dabbar da aka yanka da sunan Allah ne babu laifi, amma a nisanci wanda ba a san asalinsa ba. To a ina za a sami wanda aka tabbatar? Na wajen mahauta a fili ake zubarwa, karnuka su ja, ya gauraya da na jakin da ya mutu. Sai Allah ya sa babbar salla ta matso.

Ranar da aka yi layya, da washegarinta, Inna ta ɗauki kwando ta bi gida gida. Tsohuwa mai mutunci, wadda ba ta taɓa roƙon gishiri ba. Aka riƙa miƙo mata tsoka, tana cewa a'a, ƙashin take so in an gama. Wasu suka ɗauka yunwa ce ta kai mu haka, suka haɗa mata da gero a ɓoye. Wasu suka ɗauka asiri za ta yi, suka ce sun riga sun zubar. Kulu da ta fara kunna wutar ita ce ta fi kowa kawowa, ta juye a tsakar gida ta ce, "Ga kashinku nan, mai tsabta."

Muka tafasa, muka shanya, muka ƙona a bayan gida har ya yi fari yana ruɓushewa. Warin ya kama zane ya kama gashi, tuwon ranar ma shi yake yi. Ni da Kulu muka daka a tsohon turmi, muka tankaɗe. Aka fasa kantun gishiri aka haɗa. Kamar yadda baƙon ya ce, ɗan cikin tafin hannu a cikin dusa, da 'ya'yan gawo da aka farfasa, da 'yar angurya in an samu. Ranar farko Gudale ta shinshina ta kau da kai. Da yamma na tarar ta lashe akushin har ya yi sheƙi. Muka ɗibar wa tumakin su ma.

Ba abin mamaki aka gani ba. Madarar ba ta ƙaru nan da nan ba, ta dai daina raguwa. Can daga baya ta haura gindin ƙwarya da kamar faɗin yatsa. Maraƙin bai kai ba, wata rana da azahar ya kwanta bai tashi ba, don abin da za a bar masa mun ba wani.

Malam Mi-taka-ci ya dawo sau ɗaya. Ya rataya ƙwaryar a sikelinsa, ya sa Gudale ta yi taku, ya ce da sauƙi. Ya ce an kira shi, zai bar Illela. Sannan ya tambaya, "Jariri fa?" Inna ta shigo ta karɓe shi daga hannuna ta kai zaure. A lokacin fata ce da ido, wuyansa bai riƙe kai ba. Ta ramin zana na ga mutumin ya dube shi ya daɗe. Bai ce zai warke ba. Ya mayar da malafarsa ya ce, "Allah ya taimaka," ya hau keke. Yadda ya sunkuyar da kai na san abin da ya tafi da shi a ransa.

Bayan tafiyarsa ruwa ya sauka. Iska ta fara zuwa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya, rumfa ta yi yoyo, ba wanda ya matsa. Ciyawa ta tsiro, aka saki Gudale, ta wuce juji ko kallo ba ta yi ba. Maigida ya dawo ya tarar da yaro yana zaune da kansa yana jan gemun akuyar Kulu.

Tun daga shekarar, a unguwarmu ba a zubar da ƙashin layya. Mata masu tumaki suka ɗauka, daga nan ya kai Kalmalo wajen danginmu. Yanzu in ka tambayi yarinya me ya sa take ƙona ƙashi sai ta ce haka ta taso ta gani. Na taɓa jin wani a rediyo yana koya wa makiyaya wannan haɗin, da Hausarsa tsaf, ƙashinsa yana fita daidai. Na ce a raina ko ɗalibin Malam Mi-taka-ci ne.

Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san garinsu ba, ban san ko yana da rai ba. In cikin masu karanta wannan akwai wanda ubansa ko kakansa ko malaminsa ya taɓa yawo da keke da sikeli a Illela yana tambayar abin da shanu ke ci, don Allah a gaya masa, ko a gaya wa 'ya'yansa: yaron nan bai mutu ba. Ya rayu. Gemunsa ma ya yi fari.